DARASIN LAFIYA: Girkin mai ciwon suga a gida, a rage tuwo a ƙara miya

Bismillahir Rahmanir Rahim.


 Darasin yau amsa ce ga saƙon wata baiwar Allah daga Isa. An gwada maigidanta an ce yana da ciwon suga, an ba shi ƙwayoyi, an ce ya kiyaye abinci, amma ba wanda ya zauna ya gaya mata abin da za ta ɗora a murhu. Ta daina dafa masa shinkafa, ta koma tuwon alkama safe da dare. Kuɗi na ta tafiya, suga kuwa bai sauka ba. Ta ce: Malam, to mi zan dafa?

'Yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce. Daga Sabon Birni, Gatawa, Bafarawa har Shinkafi irin wannan tambayar ke zuwa mana. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Ke da kika sani, kin riga kin yi rabin tafiya. A karanta a natse, darasin na da ɗan tsawo.

*Ina sugan ke fitowa?*

Mutane da yawa sun ɗauka sugan da ke cikin jini daga sugan shayi kawai yake zuwa. A'a. Duk abinci mai sitaci, in ya shiga ciki, narkewa yake ya zama suga: gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, rogo, dankali, doya, taliya, burodi. Jiki na da wani sinadari, insulin, wanda ke kwashe wannan sugan daga jini ya shigar da shi tsoka a yi aiki da shi. Mai ciwon suga ko dai insulin ɗinsa ya yi kaɗan, ko kuma jikinsa ba ya jin insulin ɗin yadda ya kamata. Sai sugan ya taru a jini, a hankali ya dinga cin ido, ƙoda, jijiyoyin ƙafa da zuciya.

Ga inda aka yaudari 'yar'uwarmu. Busasshen garin gero, na dawa, na masara, na alkama, da shinkafa da acca, dukkansu kashi 70 zuwa 80 cikin 100 sitaci ne. Bambancin da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne. Alkamar da aka niƙa da dusarta ta fi farar fulawa, gaskiya ne, don dusa na rage saurin narkewa. Amma malmala uku ta alkama malmala uku ce. Kin bar geron da ke rumbunku kin je kin sayo alkama mai tsada, alhali abin da ya kamata a taɓa shi ne yawan tuwon, ba sunan hatsin ba.

Don a gane nauyin maganar: dafaffiyar farar shinkafa gram 100 na da sitaci kusan gram 28, wato kwatankwacin cokalin shayi 7 na suga. Farantin da namiji ke ci a zama ɗaya ya ninka haka sau uku ko huɗu. Yi lissafin da kanki. Shi ya sa a 2019 ƙungiyar likitocin ciwon suga ta Amurka ta bayyana cewa a cikin dabarun abinci, rage yawan sitaci ne ya fi samun hujja wajen saukar da sugan jini.

*Kafin ki canza tukunya*

Wannan ɓangaren kar a tsallake shi, don rai ne. In maigida na yin allurar insulin, ko yana shan ƙwaya irin glibenclamide (wadda ake sayarwa da sunan Daonil), gliclazide ko glimepiride, waɗannan magunguna suna jan suga ƙasa ko an ci abinci ko ba a ci ba. In kika zabge tuwo rana ɗaya, shi kuma ya ci gaba da shan magani yadda yake sha, suga zai iya faɗuwa ƙasa warwas. Alamomin su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, magana ba kan gado. A na'urar gwaji, ƙasa da 3.9 ke nan, ko ƙasa da 70 in na'urarku mai manyan lambobi ce. In ya faru kuma yana cikin hayyacinsa, a jiƙa suga cokalin shayi 4 a ruwa a ba shi, ko zuma babban cokali 1, a jira minti 15 a sake gwadawa, sannan ya ci abinci. In ya suma, kar a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Kun san halin da yankinmu ke ciki. Mutum ya faɗi da dare a ƙauye, fita da shi zuwa Isa ko Sabon Birni ba ƙaramin abu ba ne, balle a ce Sakkwato. Don haka a je wa likita ko ma'aikacin lafiyar da ya rubuta maganin tun da rana tsaka, a ce masa za mu rage tuwo, ya duba ko zai rage magani. Kuma a dinga ragewa a hankali cikin mako biyu ko uku. Metformin shi kaɗai bai cika jawo wannan faɗuwar ba, amma duk da haka a sanar. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, da yaron da ke kan insulin tun yana ƙarami, su kam kar a canza musu abinci sai da umarnin likita. Insulin kuwa ba a daina shi don an gyara girki.

*Yadda za a raba kwano*

A fara da ware masa kwanonsa. Na san a gidajenmu maigida da baƙi ko da 'ya'yansa maza kwano ɗaya suke sa hannu, kuma akwai albarka a ciki. Sai dai a kwanon taro ba wanda ya san lomar da ya yi. Zai iya zama tare da su a tabarma ɗaya da kwanonsa a gabansa.

A raba kwanon gida huɗu a ido. Gida biyu ganye da kayan lambu, gida ɗaya abinci mai gina jiki (wake, awara, ƙwai, kifi, nama), gida ɗaya tuwo ko shinkafa. Malmalar kar ta wuce dunƙulen hannunsa. Mu mun saba tuwo ne abinci, miya 'yar rakiya. A nan za a juya: miya mai kauri cike da kwano, tuwo ya zama ɗan rakiya. Kuma ya fara da ganyen da kifin, tuwon ya zo daga baya. An gwada wannan a jami'ar Cornell ta Amurka a 2015, an ga suga bai hau sosai ba in aka ci ganye da nama kafin sitaci, ko da abincin iri ɗaya ne.

Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito kan raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, kowa ya haddace shi. Mai ciwon suga shi ya fi kowa buƙatar aiki da shi.

*Maganar hura*

To, ga babbar magana. Bagobiri ka ce masa ya bar hura, ka ce masa ya bar garin ke nan. Ba zan ce a bari ba, amma a san gaskiyarta. Gero ne aka daka ya yi laushi, aka dafa, aka dama ya zama ruwa-ruwa, kuma sitacin da aka niƙa aka dama ya fi saurin shiga jini. Ko ba a sa suga ba, ƙwarya guda ta hura sai ta ɗaga suga sama. Haka koko, haka kunun tsamiya, haka kunun zaƙi, wanda shi kam a bar shi gaba ɗaya.

Gyaran shi ne a juya awon. A samu kindirmo mai kauri, wanda ba a tsinka da ruwa ba, kofi ɗaya. A gutsuri rabin dawo ƙarami, ko ma ƙasa da haka, a dama a ciki. Ba suga, ba zuma. Ya zama nono ake sha da ɗanɗanon hura. Sau ɗaya a rana, da rana lokacin da jiki ke aiki, ba da dare a sha a kwanta ba. Manomin da zai wuni yana huɗa ya fi mai zaman shago damar shan ɗan ƙari, don tsokar da ke aiki tana zuƙe suga. Nono ma na da ɗan sugansa na halitta, saboda haka shi ma ba a shan ƙwarya guda.

*Me za a dafa?*

Karin kumallo shi ya fi wahalar da mata, don an saba koko da ƙosai ko shayi da burodi. A riƙe ƙosan, a saki kokon. Ƙosai huɗu ko biyar da shayi ba suga, a sa citta da kanumfari don ƙamshi. Ko ƙwai biyu a soya da albasa, tumatir da ganyen zogale cikin ɗan mai. Da damina ƙwan zabi na araha, a yi amfani da damar. Ko alale da aka sa wa kifi. Wake na da sitaci, kar a ce ban faɗa ba, amma yana tare da sinadarin gina jiki da dusa mai yawa, shi ya sa yake narkewa a hankali kuma yake riƙe ciki.

Kwaɗo kuwa tamkar don mai ciwon suga aka ƙirƙire shi. Zogale, rama, tafasa, duk wanda ya samu. A dafa ganyen, a matse, a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tumatir, ɗan yaji, ɗan man gyaɗa. Abu biyu za a kiyaye: kar a sa suga kamar yadda wasu masu talla ke yi, kar kuma a zuba garin kwaki don ya yi auki. Kwano guda na kwaɗon zogale da dafaffen ƙwai abincin rana ne cikakke. Dambu ma haka: maimakon tsaki da yawa da ɗan ganye a barbaɗa, ki sa ganye awo uku, tsaki awo ɗaya, ki turara, ki sa daddawa da gyaɗa. Yara ma za su ci ba su san an canza komai ba.

Awara ita ce naman talaka a wannan tafiyar, sitacinta kaɗan ne ƙwarai. A jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami har ta haɗe, a juye a ƙyalle a danne da dutse. Ba dole sai an soya ta cikin mai tsundum ba. Ki yanka ƙanana ki jefa cikin miyar alayyafo ko miyar taushe, ta sha romo. Dusar da ta rage bayan tacewa, wadda ake ba awaki, kina iya ɗiban wani abu ki haɗa da garin dawa wajen tuƙa tuwon maigida, ki bari ya dahu sosai. Malmalar za ta yi girman da ido zai gamsu, sitacin ciki kuwa ya ragu. Ranar farko zai ce tuwon ya canza. Ki fara da kaɗan.

Ɗan wake akwai tarko a cikinsa. Sunansa ɗan wake, amma a gidaje da yawa garin rogo ko fulawa ya rinjayi waken. In za ki yi masa, garin wake ya fi yawa, kuka ta riƙe shi, a ci da kabeji, tumatir da ƙwai. A rage kanwa, gishiri da dunƙulen magi, don ciwon suga da hawan jini abokan tafiya ne. Daddawa, tafarnuwa da busasshen kifi sun isa su ba miya daɗi.

Miyar dare: kuka, kuɓewa ɗanya ko busassa, lalo, yakuwa da gyaɗa, zogale, duk babu laifi, a sha har a ƙoshi. Abin lura kawai kar a kaɗa ta da gari. Ranar da aka dafa shinkafa, a haɗa da wake, waken ya fi yawa. In lokacin kayan fadama ne, ki yanka kabeji siriri ki turara ki cakuɗa da ludayi ɗaya na shinkafar. Nama ya yi tsada, mun sani. Kifin gulbi, ɗanye ko busasshe, yana maye gurbinsa. Fara ma, wadda 'yan birni ke yi wa dariya, tana da sinadarin gina jiki da yawa, in dai an tabbata ba wadda aka kashe da feshin magani ba ce.

Abin taɓawa tsakanin abinci: gyaɗa cikin tafin hannu, ƙuli-ƙuli mara suga, yalo, gurji, kokwamba. Rake, alewa, lemon kwalba da maltina a yi sallama da su, sai dai a ajiye kwalba ɗaya don ranar da suga ya faɗi. Mafi yawan lemon kwalba na da suga kusan gram 10 a kowane mililita 100. Mangwaro in ya zo, ƙarami ɗaya bayan abinci, ba a zauna gaban kwando ba. Zoɓo a sha, amma ba suga.

Tun da kaka ki yi tanadin rani. Ki shanya zogale, rama, yakuwa da kuɓewa a inuwa, ki adana wake da gyaɗa kafin su yi tsada. Watannin bazara ne ke kayar da masu ciwon suga, lokacin da ganye ya ƙare kowa ya koma tuwo da miya tsararo.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, suna zaune gidajen dangi a cikin gari ko sun tsallaka jihar Maraɗi. Abin da ake samu na taimako galibi shinkafa ce da masara da taliya. In haka ne halinka, ɗan'uwa, ba a ce ka zauna da yunwa ba. Ka musanya tiya ɗaya da wake ko gyaɗa in da hali, ka raba rabonka gida uku a wuni maimakon ka cinye a zama ɗaya, ka nemi tafasa da zogale a cika cikin. Mai hali da ke kai taimako kuma, don Allah a dinga haɗawa da wake.

*Zuma, dabino da habbatus sauda*

Dole mu yi wannan maganar a nan, don mu ake tambaya. Allah Ya ambaci waraka a cikin zuma a Suratun Nahli, mun yi imani. Amma malamai sun yi bayani cewa ba ana nufin kowace cuta ga kowane mutum a kowane awo ba, kuma Ibnul Ƙayyim ya nanata cewa magani na bin yanayin mutum da ƙasarsa da halin cutarsa. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 suga ce, babban cokali ɗaya na da kusan gram 17. Wanda ya ce maka ka dinga shan cokali uku kullum don ta wanke suga, bai yi maka adalci ba. Dabino ma kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa suga ne. Ƙwaya ɗaya ko biyu ƙanana wajen buɗa baki sun isa a samu sunna.

Habbatus sauda da hulba an yi ƙananan bincike da suka nuna suna iya rage suga kaɗan. A sa su a abinci, babu laifi, amma ba sa maye gurbin maganin asibiti, kuma mai juna biyu ta guji shan hulba da yawa. Sai zancen da ya yaɗu cewa duk abu mai ɗaci maganin suga ne, har mutum ya dinga ɗirkar jiƙon maɗaci ko na dogon yaro kofi-kofi. Ƙodar mai ciwon suga dama a wahale take, kar a ƙara mata kaya. Mai son yin azumi kuwa ya ga likita tun kafin watan ya kama. Ƙa'idar da likitoci suka fitar ita ce a karya azumi in suga ya sauka ƙasa da 3.9 (70) ko ya haura 16.6 (300), kuma gwajin jinin yatsa ba ya karya azumi.

*Na'ura ce alƙali*

Jikin kowa daban. Wani dawa ta fi ɗaga masa suga, wani gero. Wanda zai raba gardama shi ne na'urar gwaji. In ba ku da ita, gidaje biyu ko uku na iya haɗa kuɗi su saya, amma kowa da allurarsa ta huda yatsa, ba a karɓa-karɓa. Abin da ake nema ga yawancin manya: da safe kafin a ci komai, 4.4 zuwa 7.2 (80 zuwa 130), sannan awa biyu bayan fara cin abinci, ƙasa da 10 (180). In kina son juya ƙananan lambobi zuwa manya, ki ninka da 18.

Takardun gwajin na da tsada, don haka a yi da dabara. Ranar farko ya ci tuwonsa yadda ya saba, a gwada kafin ci da awa biyu bayan ci, a rubuta. Kashegari malmala ɗaya da miya cike da kwano, a sake gwadawa. Rana ta uku haka, amma ya taka da ƙafa minti 10 zuwa 15 bayan cin, ko zagayen tsakar gida ne in fita ba ta yiwuwa. Maigidan da ke gardama, in ya ga lambobin nan uku a jere da idonsa, ba sai kin ƙara cewa komai ba. Wannan takardar za a kai wa likita ranar komawa asibiti.

In kuma kika ga yana ramewa alhali dama ba mai ƙiba ba ne, ko ƙishirwa da yawan fitsari sun ƙaru, ko ga amai da kasala, to ba maganar girki ba ce kuma. A kai shi asibiti a ranar, kar a jira ranar da aka rubuta masa.

Darasi na gaba in sha Allahu kan kula da ƙafar mai ciwon suga ne, musamman manoma da masu shiga fadama ba takalmi. A tura wa wanda ake ganin zai amfana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Wassalamu alaikum.